Yaya, Ka Zo a Agustan: Yadda Muke Zaune da Daminar Panama

Yaya, barka da war haka. Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce hutun Agusta ne kaɗai damar da kake da ita ta zuwa, amma an gaya maka lokacin damina ne a nan. Ka kuma tambaya me mutanen da ba su da gona suke yi da ruwan wata bakwai, da dalilin da duk sanda ka kira ni bayan Isha'i sai ka same ni a gida, alhali a wurinmu rana ba ta faɗi ba.

Bari in fara da ta ƙarshen. Tsakaninmu da Katsina awa shida ne. Tara na dare a wurinku uku na yamma ce a birnin Panama, kuma daga Mayu zuwa Nuwamba wannan sa'ar ta ruwa ce. Gari yakan waye tas, rana ta fito da zafinta. Wajen azahar sai iska ta tsaya cik, gumi ya riƙa bin bayan mutum ko yana zaune a inuwa, hadari ya taso ta bayan dogayen benaye. Kafin ka ankara an kece kamar da bakin ƙwarya, da tsawar da ke sa motocin da aka ajiye su kama kururuwa. Awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Marka irin ta Agustanmu, wadda ake wuni ana yayyafi, ta fi zuwa a Oktoba da Nuwamba. Saboda haka watan da ka zaɓa ba shi da laifi ko kaɗan.

Mutanen ƙasar suna ce wa damina invierno, wato hunturu, rani kuma verano. Kada sunan ya sa ka ɗauko rigar sanyi. Birnin yana kusan layi ɗaya da Abuja a taswira, sai dai teku ta sa ƙasar a tsakiya, kudu da arewa. Abin da ke sauka a nan a shekara ya kai milimita 1,900, fiye da ninki biyu na Kano, a birnin Kolon kuwa, da ke bakin tekun arewa, inda nake harkar kaya, ya haura 3,000.

Mu Hausawan nan ba mu da yawa, tare da 'yan'uwa na Gana da Nijar muke cika tabarma. Ɗabi'ar da za ka fara gani, wadda nake tsoron ta ɓata maka rai, ita ce zumuncinmu na safe ne. Suna, gaisuwar mara lafiya, kai wa baƙo ziyara, duk kafin sha biyu ake gamawa. Idan ka ga mutum ya zo gaishe ka, ya sha shayi, ya leƙa sama ta taga ya miƙe, ba raini ba ne. Ya san idan ruwan ya riske shi a hanya, wasu titunan cika suke yi har gwiwa, tafiyar rabin awa ta koma awa biyu. Ba ma tsare baƙo da "zauna a ci tuwo" idan hadari ya haɗu, sai dai a ɗaure masa a leda ya tafi da shi. Wanda kuma ruwa ya tare a gidanka, gidanka ya zama nasa har a ɗauke, ko da kwana ne.

Sai maganar salla, don na san za ka lura. Mafi yawan jama'ar babban masallacin birnin 'yan Indiya ne daga Gujarat, mabiya mazhabar Hanafi, kuma ba sa haɗa Magariba da Isha'i saboda ruwa kamar yadda muka taso muna gani a gida. Shekarar farko abin ya ba ni mamaki, ana ruwa kamar ƙasa za ta tsage amma ba wanda ya tashi ya yi iƙama ta biyu. Yanzu muna bin liman yadda ya yi, wanda gidansa ke nesa ya yi Isha'insa da iyalinsa. Don Allah idan ka zo kada ka tayar da muhawara a sahu. Mutanen nan su suka riƙe mu da muka zo ba mu san kowa ba, a wurinsu muke sayen naman halal, su ne kuma ke tsaya mana idan aka yi rasuwa.

Abin da ya fi ba mu wahala danshi ne. Ka tuna babbar rigar shaddar da Baba, Allah ya jiƙansa, ya ba ni ranar tafiya? Na ninke ta na sa a durowa, ban buɗe ba sai bayan wata uku. Na same ta da tabon fumfuna kore-kore a kan aikin wuya, takalmin fatar da ke gefenta ya yi fari fat kamar an barbaɗa masa gari. Na wanke ta sau uku, tabon bai fita duka ba, kuma har yau idan na ɗauko ta sai zuciyata ta sosu. Tun daga nan muke rataye kaya a sarari, ba ma shanya da yamma, kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa kuwa a firiza suke kwana. Duk wata robar da ta tara ruwa a tsakar gida kifar da ita ake yi nan take, saboda sauron da ke kawo zazzaɓin dengi a irin wannan ruwan yake ƙyanƙyasa, kuma da rana yake cizo.

Yanzu ga tambayarka ta gona. Akwai manoman shinkafa da rake da ayaba a karkara, amma babbar gonar ƙasar nan mashigin ruwa ce, hanyar jiragen ruwa da aka haƙa ta haɗa tekun kudu da na arewa, wadda aka buɗe a 1914, Amurka ta miƙa musu ita a ƙarshen 1999. Ruwan sama ne ke tafiyar da ita. Jirgi ba ya ratsawa a kan ruwan teku, ɗaga shi ake yi mataki-mataki zuwa tafkin Gatun, kuma kowane jirgi guda yana tafiya da ruwan daɗi kimanin lita miliyan 200 zuwa teku. Daga tafkunan mashigin ne kuma birnin ke sha. A 2023 damina ta yi ƙaranci, tafkin ya ja baya har kututturan itatuwan da ya daɗe da shanyewa suka fito fili, jiragen da ke wucewa a rana suka sauko daga kusan 36 zuwa 24. Kayanmu suka riƙa makara, farashi ya tashi. A shekarar na ga fuskokin mutane suna duban sama irin duban da Baba yake yi idan an yi shuka ruwa ya ɗauke. Shi ya sa har yanzu idan muka haɗu ranar Juma'a wani ya ce "Ya ruwa?", da gaske muke amsawa "Ruwa ya yi gyara."

Zan kai ka Miraflores, ɗaya daga matakan mashigin, da safe ka ga yadda ake ɗaga jirgi mai tsawon unguwa guda. Idan ruwan yamma ya sauko, matata za ta dafa maka sancocho, farfesun kaza da doya da wani ganye mai ƙamshi, abin da kowa ke sha a nan idan gari ya jiƙe. Zoɓo ma suna da shi, saril suke ce masa, da citta suke haɗawa kamar mu.

Ka fara neman biza tun yanzu, ka riƙe katin rigakafin shawara a hannu. Dalar Amurka ake kashewa a nan, ba sai ka nemi wani canji ba. Ka taho da kaya marasa nauyi masu saurin bushewa da takalmin roba, lema akwai a gida. Kada ka ɗauko kilishi, ba a barin nama ya shigo ta filin jirgi. Ka gaishe mini da Inna, ka ce mata jikokinta na tambayar ko za ta aiko musu da yajin nan nata.