Samari biyu a kan hanyar Italiya: ina tarihi ya tsaya, ina ƙagen marubuci ya fara?

Tambaya: Malama, barka da aiki. Na karanta wani ƙagaggen labari na Turanci da aka rubuta don matasa. Labarin a shekarun 1700 ne. Wani ɗan masu hali a Ingila ya fita yawon ƙasashen Turai da amininsa, 'yan fashi suka tare su a daji, suka faɗa hannun 'yan fashin teku, kuma ana cikin tafiyar ta bayyana cewa samarin nan biyu son juna suke yi. Cikin kwana biyu na cinye littafin, har abincina ya huce ban sani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da gaske an yi irin wannan a wancan zamanin, ko marubucin ne ya ɗauko abin yau ya sa masa tsohuwar riga? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na ji daɗin tambayar nan, domin mai karatun da ya rufe littafi ya tsaya yana neman tushensa shi ne irin ɗalibin da nake so a aji. Zan amsa miki ta fuskar tarihi da adabi, wanda shi ne fagena.

Tafiyar kanta gaskiya ce. Tun daga ƙarshen ƙarni na 17 har zuwa ƙarshen na 18, al'adar manyan gidajen Ingila ce idan yaro ya gama makaranta a haɗa shi da malami mai sa masa ido, a tura shi Faransa da Italiya shekara biyu ko uku ya koyi harshe, ya ga gine-gine da zane-zane, ya dawo da wayewa. Daga Dover sukan tsallaka ruwa zuwa Calais, su zauna a Paris, sannan su nufi kudu. Wurin da hankali ke tashi shi ne tsaunukan Alps. A gindin dutse ake kwance keken doki gunduwa-gunduwa a ɗora wa alfadarai, shi kuma ɗan gatan a zaunar da shi a kujerar da aka ɗaure da sanduna biyu, 'yan dako su ɗauke shi a kan siririyar hanya, rami na hamma a gefensa. A 1739 Horace Walpole, ɗan firaministan Ingila na lokacin, ya bi ta nan da abokinsa na makaranta, mawaƙi Thomas Gray. Walpole ya sauke ɗan karensa ya taka ƙasa, da rana tsaka kerkeci ya fito daga cikin itatuwa ya sure shi a gaban idonsa. Abokan nan biyu daga baya suka ɓata a Italiya a 1741, kowa ya kama hanyar gida shi kaɗai. Kin ga marubuci bai buƙatar ƙara gishiri da yawa.

'Yan fashin teku ma suna nan. Jiragen Aljas da Tunis da Tarabulus suna kama Turawa a Bahar Rum su nemi kuɗin fansa, mayaƙan tsibirin Malta kuma suna yi wa Musulmi haka nan.

To, batun samarin. An yi, kuma babbar shaidarmu ita ce takardun kotu, wanda wannan kaɗai ya isa ya gaya miki yadda rayuwarsu ta kasance. A Ingila dokar 1533, ta zamanin Sarki Henry na Takwas, ta yanke hukuncin kisa a kan luwaɗi, kuma ba a cire kisan ba sai 1861. A Landan akwai gidajen shaye-shaye da irin waɗannan maza ke taruwa a ɓoye. A 1726 aka kai samame gidan wata mata, Margaret Clap, aka kwashe maza kusan 40, aka rataye uku a Tyburn, filin rataya na Landan. A Holan, kamen da ya fara daga birnin Utrecht a 1730 ya ci rayuka da dama, har a wani ɗan ƙauye mai suna Faan aka kashe fiye da mutum 20 a 1731. A Paris an ƙone Jean Diot da Bruno Lenoir a 1750, su ne na ƙarshe da aka yi wa haka a Faransa, kuma dokar laifuka ta 1791 ba ta ƙara ambaton laifin ba.

Ki duba sana'o'in waɗanda aka kashe. A cikin ukun nan na 1726 akwai mai sayar da madara. Na ƙarshe da aka rataye a Ingila kan wannan laifin, James Pratt da John Smith, a 1835, talakawa ne da mai gidan haya ya leƙa ta kafar makulli. Alƙalin da ya fara sauraron ƙarar ya rubuta wa gwamnati yana roƙon sassauci, yana cewa mai kuɗi yana iya sayen sirri, talaka ne kawai ake kamawa. Ba a saurare shi ba. Wannan takardar tana taɓa ni duk lokacin da na tuna ta. Saboda haka idan jarumin littafinki ɗan sarauta ne, marubucin ya san abin da yake yi: ya ba shi kuɗi da suna da ƙasar waje, abubuwa ukun da a gaske suka tsirar da wasu. Tsoron da kika ji duk sanda wani ya kusa gano samarin, wannan tsoron ba ƙage ba ne, igiya ce ta gaske ke rataye a bayansa. Shi ya sa labarin ya riƙe ki. Fashin daji da guguwar teku haɗari ne da ake gani da ido, amma haɗarin da ya fi su yana cikin keken dokin, a cikin maganar da ɗayan ke son faɗa ya kasa.

Inda tsohuwar rigar ke yagewa shi ne wajen harshe. Sau da yawa jaruman irin waɗannan littattafai suna bayyana kansu kamar matasan yau, suna da sunan abin da suke. Mutanen 1700 ba su da wannan sunan. Kalmar da Turawa ke amfani da ita yanzu, wato "homosexual", sai a 1869 ta fara fitowa a ɗab'i, daga alƙalamin wani marubuci, Karl-Maria Kertbeny. Kafin nan doka da coci aiki suke magana a kai, ba irin mutum ba. Kuma maza a lokacin sukan rubuta wa aminansu wasiƙu masu cike da bege da kewa ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. Mu wannan ba baƙo ba ne a wurinmu, tunda muna ganin abokai biyu riƙe da hannun juna a kasuwa, abota ce zalla. Masu tarihi na kirki suna taka-tsantsan da irin waɗannan wasiƙu. Marubucin ƙage kuwa yana da damar ya yanke hukunci, kuma ban ga laifinsa ba muddin mai karatu ya san yankewa aka yi.

Saura ƙarshen labari. Littattafan matasa sukan bar masoyan da rai, a wani gari mai nisa da ba wanda ya san su. Ba haka aka saba ba, amma kada ki ce bai taɓa faruwa ba. A 1778 wasu mata biyu 'yan manyan gidaje a Ireland, Eleanor Butler da Sarah Ponsonby, suka gudu daga danginsu. Eleanor ana shirin kai ta gidan zuhudu na matan coci. Yunƙurin farko sun yi shi ne cikin kayan maza, aka kamo su, suka ƙi saduda har dangi suka gaji suka sake su. Suka zauna a garin Llangollen na yankin Wales kimanin shekara 50 a gida ɗaya, suna karatu suna gyaran lambu, har manya irin su Duke na Wellington suna kai musu ziyara. Har yau masana na muhawara a kan sunan da ya dace da zamansu. Eleanor ta rasu a 1829, Sarah ta bi ta a 1831, kuma dutse ɗaya ne a kan kabarinsu a harabar cocin garin, tare da sunan Mary Carryl, mai aikin da ta taimaka musu suka tsere.