Kwikwiyon da ya ƙi shimfiɗarsa

Jiya da yamma ka ce mini, "Maigida, ɗan kwikwiyon nan da aka ba ni in horar a unguwar Gesse, kwana goma ke nan ina sa masa shimfiɗar fitsari, sai ya tsallake ta ya je ya tsula a kan kafet. Taurin kai ne ko daƙiƙanci?" Ko ɗaya babu, ɗana. Wuri ka sakar masa da yawa, kuma ba ka duba agogo.

Wata biyu da rabi ka ce ya yi. Lissafin da muke yi a sana'ar nan shi ne, kowane wata guda da kwikwiyo ya yi a duniya yana ba shi kamar awa guda ta riƙe fitsari. Naka ke nan awa 2, in ya yi ƙoƙari 3. Ga shi Lhasa ne, irin ƙananan karnukan nan masu dogon gashi, mafitsararsa 'yar mitsitsiya, ga zafin Afrilu a Birnin Kebbi da ke haura digiri 40, ruwa yake sha ba ƙaƙƙautawa. Kada ka kuskura ka rage masa ruwan don neman sauƙi.

Fara da killace shi. Nemi lungu mai tayil, ka tare da katako. Makwancinsa da kwanonsa a gefe guda, shimfiɗar a can ɗaya gefen. Kare ba ya son ɓata inda yake kwana, wannan halin da Allah ya yi shi da shi ne jarinka. Kwanakin farko rufe sauran ƙasan duka da shimfiɗa, yadda ko ina ya tsuguna daidai ya yi. Bayan kwana uku ko huɗu ka ɗauke guda, haka haka har saura ɗaya.

Sai lokaci, nan aikin yake. Da ya farka daga barci, ɗauke shi ka dire a kai, kada ka bari ya taka da ƙafarsa, a hanya zai sake. Bayan cin abinci da minti 10 zuwa 15, haka. Bayan wasa, haka. Ka zuba masa ido: in ka ga ya dasa hanci a ƙasa yana shinshine-shinshine, yana kewaya wuri guda kamar mai neman allurar da ta faɗi, to ya matsu, tashi tsaye. Ka riƙe kalma ɗaya, ni "yi" nake cewa, kada ka canza ta. Yana gamawa, kafin ma ya sauka daga kai, jefa masa ɗan guntun dafaffiyar hanta ka yabe shi. In ka tsaya laluben aljihu har ya bar wurin, bai san ladan me ya karɓa ba. Ban da kilishi fa, na san halinka. Yaji ne da shi, kuma albasa da tafarnuwa guba ne ga kare.

Kafet kuwa, a tafin ƙafarsa da ita da shimfiɗar duk abu guda ne, taushi. A naɗe ta har wata guda. Dadduma kuma ka roƙi mutanen gidan su riƙa rataye ta da an idar da salla. Ina sabon shiga na taɓa sakaci da wannan, kwikwiyo ya jiƙa daddumar baƙon mai gidan, ranar ko kuɗin mashin ban tsaya karɓa ba. Inda ya riga ya ɓata, wanke da ruwan khal. Kada ka sa abin wanki mai amoniya, warinsa na fitsari ne, kiransa kake yi ya dawo. Sannan ka yagi ɗan ƙyallen tsohuwar shimfiɗa mai jiƙe ka cusa ƙarƙashin sabuwa, hancinsa zai kai shi.

Duka da goga masa hanci a kashi, bar wa waɗanda ba su san aikin ba. Abin da yake koya kawai shi ne kada ya yi a gabanka, sai ka wayi gari kana tsintar abin a bayan kujera.

Za ka ce me ya sa ba a fitar da shi tsakar gida a huta? Allurar rigakafin parvo, cutar amai da gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo, ba ta cika sai ya kai wajen mako 16, ƙwayar cutar kuma tana yin watanni a ƙasa. Shimfiɗar ma ba sai ta karnuka ba, wadda ake sa wa marasa lafiya a gado, ta kemis, ta wadatar. Manne gefunanta da salatif, don in ya yage ya haɗiye tana iya toshe masa hanji. In ka ga yana ɗiga-ɗiga kowane lokaci ko da jini, wannan ba aikinmu ba ne, sai likitan dabbobi.

Gobe ka tafi da takarda da biro, ka rubuta lokacin da ya ci, da lokacin da ya yi, da inda ya yi. Ka kawo mini bayan la'asar mu duba.