Amsa kan bangon nan na Ningbo da ka ce kamar kango

Salam ɗan'uwa, na ga tambayarka da hoton da ka saka, kana cewa wannan gini, wato gidan tarihin birnin Ningbo na ƙasar China, ai kamar kango ne an haɗa bulo kala-kala, me ya sa ake kiransa fasaha, kuma meye haɗin rubutu da gini. Wallahi nima haka na ce ranar farko. Na ɗan jima ina zirga-zirga Yiwu sarin kaya, kuma da yake ta tashar ruwan Ningbo kwantenarmu ke fita, wata rana ana jiran takardu tafintana ya ja ni wajen, ni ko so nake in koma otal in kwanta.

Gidan tarihin Ningbo ne, an gama shi a 2008, wanda ya zana shi Wang Shu, shi da matarsa Lu Wenyu suke aiki tare a Hangzhou, a 2012 ya ci kyautar Pritzker wadda ita ce babba a harkar zanen gini. Amma kafin ka gane bangon sai ka san wani harafi na rubutun 'yan China guda ɗaya, chai, ma'anarsa rushewa. In za a rushe unguwa sai a zo da fenti a rubuta shi ƙato jikin katanga a zagaye shi, shikenan mai gida ya san ya fara ɗaure kaya. Filin da gidan tarihin yake ƙauyuka ne a da aka share su don sabon gari, to tubali da fale-falen rufin irin gidajen da aka rushe a yankin su aka tattaro aka jera bangon. Salon ma tsoho ne, wapan suke ce masa, manoman yankin ke yi in guguwar teku ta kada musu gida, su tsince ɓaraguzai su sake tayarwa da sauri. Magina aka bari suna jerawa da hannu, shi ya sa layukan ke karkacewa, nan toka-toka can ja, in ka ja baya ka kalla kamar an ja alƙalami. Na ga wani tsoho ya tsaya yana shafa bangon da tafin hannu ya daɗe, ban tambaye shi komai ba.

Zancen rubutu kuwa, su fa ba su raba shi da gida ba. Sabuwar shekararsu kowace ƙofa jar takarda ce dama da hagu da baiti a kai, har harafin fu na sa'a suke liƙawa a kife don kalmar kifewa da ta isowa sautinsu ɗaya. Da asuba ka je lambun shaƙatawa za ka ga tsofaffi da dogon burushi da bokitin ruwa suna rubutu a daɓe, kafin su kai ƙarshen layi farkon ya bushe. Shi kansa Wang Shu an san shi da yawan atisayen rubutun burushi, kuma a ganina daga nan ginin nasa ya samo wannan sakin jikin.

Akwai kuma wani mai fasaha Song Dong na Beijin, shi ma da tsofaffin kaya ya yi aiki, kayan ɗakin mahaifiyarsa ya baje a matsayin fasaha a 2005, sama da abu 10,000, sabulai, murafen kwalba, tsofaffin takalma, har da katakon ɗakin nasu a tsaye a tsakiya. Wannan a hoto kawai na gani, amma sai da na tuna langa-langa da kwanukan da tsohuwarmu ta hana a zubar.

Gaskiya ba duka ke burge ni ba, wasu sabbin otal-otal kawai manna harufa suke a bango don baƙi su ɗau hoto. In za ka je Ningbo ɗin ka guji Litinin, gidajen tarihinsu galibi a rufe suke ranar, kuma ka riƙe fasfo a aljihu don da shi ake shiga.