Tambaya da amsa: Shin kamfanonin waya suna yin algus a makin gwajin sauri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon wayoyi a kasuwar Marwa. Samarin yanzu kafin su tambayi farashi sai su ce, "Nawa ta ci a AnTuTu?" Makon jiya wani yaro ya dawo min da wayar da ya saya bayan na nuna masa makinta mai yawa. Ya ce da ya fara wasan ƙwallo, ba a jima ba ta ɗauki zafi tana sarƙewa. Wani maƙwabcina ya ce ai kamfanoni maguɗi suke yi a wannan gwaji. Gaskiya ne? Ina tsoron haƙƙin mutane.

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a kasuwa. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba. An kama kamfanoni da dama, wasu ma fiye da sau ɗaya. Amma kafin mu ɗora wa wayar yaron nan laifi, sai mun fahimci abin da gwajin yake aunawa.

AnTuTu, Geekbench da 3DMark manhajoji ne da suke ɗora wa waya aiki mai nauyi na 'yan mintuna, su ga saurin da ta gama, su ba ta maki. Ita kuwa firosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, duk lokacin da ta ƙara gudu sai ta ƙara zafi, ta ƙara shan batir. Galibi waya ba ta da fanka kamar kwamfutar tebur. Shi ya sa aka sa mata wani tsari a ciki wanda yake ja mata linzami: da zafi ya kai wani mataki, sai ya rage gudun don kada batir ya lalace ko hannun mai ita ya ƙone. Wannan linzami abu ne mai kyau, kowace waya tana da shi.

Algus ɗin a nan yake shiga. Kowace manhaja tana da sunan da waya take gane ta da shi. Sai kamfani ya ɓoye jerin sunayen manhajojin gwaji a cikin wayar, da umarnin cewa idan aka buɗe ɗaya daga cikinsu a saki linzami gaba ɗaya, a manta da zafi da batir. Ana rufe gwajin, a mayar da linzami. Ka san buhun geron da aka zuba mai kyau a baki, tsakuwa da ƙaiƙayi suna ƙasa. Mai saye ya zura hannu, abin da ya damƙo gero ne na gaske, amma ba shi zai tarar ba idan ya kai gida ya zazzage.

A 2013 shafin fasaha na AnandTech ya gano cewa wani samfurin Galaxy S4 na Samsung yana barin gudun sashen zana hotuna ya kai megahaz 533 a wasu gwaje-gwaje, alhali a wasanni 480 aka kayyade masa. Har an tarar da kalmar BenchmarkBooster a cikin rubutun manhajar wayar, ma'anarta mai ƙara wa gwaji ƙarfi. Samsung ya musanta cewa da gangan ya yi don ƙara maki. Duk da haka magana ta kai kotu a Amurka, kuma a 2019 ya amince da sasantawa mai darajar dala miliyan 13.4, kowane mai wayar da ya cancanta a can ya sami kimanin dala 10. A cikin 2013 ɗin dai binciken ya nuna HTC da LG da Asus su ma suna yin irin haka, yayin da Motorola da wayoyin Nexus na Google suka fita da tsabta.

Yadda ake kama su yana da sauƙi har ya ba ni mamaki ranar da na fara fahimtarsa. Ana ɗaukar manhajar gwajin, a sauya mata suna kawai, ba a taɓa komai na aikinta ba. Waya mai gaskiya za ta ba da maki kusan ɗaya a duka biyun. Da wannan dabara kamfanin UL, mai 3DMark, ya gwada wayoyin Huawei a Satumba 2018, ya ga makin manhajar da wayar ta gane ya ɗara na wadda aka sauya wa suna da abin da ya kai kashi 47 cikin 100. Ya cire P20, P20 Pro, Nova 3 da Honor Play daga jerinsa na makin wayoyi. Wata guda bayan haka Find X da F7 na Oppo suka bi sahu.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na 2020, domin yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke cikin gilasan shagunanmu daga Garwa har Kuseri firosesar MediaTek suke ɗauke da ita. AnandTech ya lura cewa Oppo Reno3 Pro mai firosesar MediaTek Helio P95 tana doke wayar da ke da firosesa mafi ƙarfi nesa ba kusa ba a gwajin PCMark. Da aka tona, sai ga fayil ɗauke da sunayen manhajojin gwaji. Da aka ɓoye sunan gwajin, makin ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. MediaTek ya ce abin da kowa yake yi ne a sana'ar, kuma yana nuna iyakar ƙarfin firosesarsa ne.

Wannan hujja ba ta gamsar da ni ba. Idan ƙarfin na wayar ne da gaske, a bar mai wayar ya same shi a wasansa da kyamararsa. Ƙarfin da ba ya fitowa sai an ga mai auno ya iso, ba shi mutum ya biya kuɗinsa ya saya ba. A 2022 an ga abin ta bayan gida: wata manhajar Samsung mai suna GOS tana rage wa wasanni gudu amma ba ta taɓa manhajojin gwaji. Geekbench ya cire Galaxy S10, S20, S21 da S22 daga jerinsa, daga baya Samsung ya fitar da gyaran da ya ba mutane damar zaɓa da kansu.

To, koma kan wayar yaron. Ba lalle ne akwai maguɗi a cikinta ba, kuma kada ka yanke mata hukunci ba tare da gwadawa ba. Zafin ƙasarmu kaɗai ya isa ya jawo abin da ya gani. Apple, misali, ya ce a yi amfani da iPhone a yanayin da bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watan Maris da Afirilu muna haura 40 a inuwa. Na sha ɗora waya a teburin gyarana a nan Garwa da sassafe, bayan asuba, ta ba da maki mai kyau. In sake gwada ta da azahar, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, kwanon rufi yana turiri, sai in ga makin ya zube, bayanta kuma ba ya taɓuwa. Waya ɗaya ce, babu wanda ya canza mata komai. Makin da ake tallatawa a ɗaki mai sanyi aka samo shi, cikin 'yan mintuna. Yaron kuwa awa guda yake so ya yi yana wasa, wataƙila ma wayar tana jone da caji, tana cikin rigar roba mai kauri.

Abin da nake ba ka shawara, ka daina sayar da waya da hoton maki da aka turo maka a WhatsApp. Ko yaro ma zai iya gyara lambar da ke jikin hoto, kuma wayoyin jabu suna nuna girman ma'ajiya da ba su da shi. Idan mai saye ya damu da wasa, 3DMark tana da gwajin juriya da take maimaita aiki ɗaya sau 20 a jere, kimanin minti 20, ta nuna maka nawa ya rage na ƙarfin tsakanin zagaye mafi ƙarfi da mafi rauni. Wannan ya fi kusa da abin da zai tarar a gida. In babu data, sa masa wasan da yake so ya buga a nan shagon na rabin awa, da rana, ya riƙe ta a hannunsa ya ji.

Shi kuma yaron, kira shi ka yi masa wannan gwajin a gabansa, an cire robar, ba a jona caji ba. Idan ta daure, matsalar zafi ce, sai ka nuna masa yadda zai kiyaye. Idan cikin minti goma ta fara sarƙewa, ba ta kai abin da ka nuna masa ba. Ka canza masa da wata ko ku daidaita a kan kuɗin, kai kuma ka mayar da maganar ga dilan da ya kawo maka ita.