Jakar da za ka saya da aljihun da za ka ɗinka: amsoshi ga matafiya kan 'yan sane

Wasiƙun wannan mako na matafiya ne, kuma duk abu ɗaya ke damunsu: hannun ɗan sane a cikin bas da jirgin ƙasa a ƙasar da mutum bai sani ba.

Tambaya: Ina da shago a Kasuwar Dole ta Zinder, zan tafi Istanbul saro kaya karon farko. An nuna mini wata jaka a intanet wadda aka ce reza ba ta yanka ta, sai dai tana da tsada. In saya, ko lalitar da na saba ɗaurawa ta isa? Daga wani Alhaji, Zango.

Amsa: Alhaji, kafin ka nemi jaka, fara zuwa wurin tela. Ka kai masa wanduna biyu da za ka yi tafiyar da su, ya ɗinka wa kowanne aljihu ta ciki, a gaba, ƙasa da mazagin zariya, inda zai kwanta a jikin cinya. Faɗinsa santimita 11, zurfinsa 15. Fasfo bai kai santimita 9 a faɗi ba, tsayinsa 12 da rabi, don haka zai shige har da kuɗi a bayansa. Yadin ya zama mai kauri, ɗinki biyu, bakin kuma da zik, ba maɓalli ba. Ka nannaɗe kuɗin a leda kafin ka sa, saboda gumi yana jiƙa takarda, kuma masu canji na tsaurara wa dala ko yuron da ya yi tabo.

Ga dalilin. Ɗan sane yana aiki ne da daƙiƙa biyu ko uku, a lokacin da jiki ke gugar jiki. Duk abin da zai sa sai ya ɗaga riga, ya kwance wani abu, sannan ya zuge zik, ya fi ƙarfin lokacinsa, sai ya nemi wani. Aljihun gefe na kaftani kuwa, da na ƙirjin babbar riga, bakinsu a buɗe yake, kuma rigar ba ta manne da jiki ba, shi ya sa ba za ka ji shigar hannu ba. A gida mun saba da haka don kowa ya san kowa. A can kai baƙo ne, baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

Lalitarka tana da kyau, aikin dukawan Damagaram ba ya buƙatar talla, amma a ƙarƙashin 'yar ciki za ka ɗaura ta, kuma kada ka taɓa buɗe ta a bainar jama'a. Nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sun ɓoye kuɗi da kyau, sai a bakin tasha su ɗaga riga su zaro kuɗin mota, sun nuna wa kowa ma'ajiyar ke nan. Ka raba kuɗinka uku: jarin a aljihun ciki, wani kaso a masauki cikin akwati mai kulle, na kashewar yini a ƙaramar jaka. Katin shiga mota na birnin, Istanbulkart, ka ware shi shi kaɗai, don kada ka riƙa fito da walat a kowace ƙofa.

Jaka mai tsadar fa? Abin da take da shi waya ce siririya a cikin igiyar da kuma raga a cikin yadin, suna hana yanka. Amma a cikin jirgin ƙasa an fi zuge zik a hankali fiye da sa reza. Saboda haka jakar rataye ta fata mai kauri, mai zik ɗaya a sama da murfi a kansa, za ta yi maka aikin. Ka sayi ɗan ƙugiyar makulli ka haɗe kan zik ɗin da zoben igiya. Ka rataya ta a karkace, daga kafaɗa zuwa ɗaya kwiɓin, ka juyo ta kan ciki, hannu a bisa. Jakar goyo kuwa, da ka shiga jirgi ka dawo da ita ƙirji.

Jirgin titi mai lamba T1 shi ne zai riƙa kai ka Laleli, Aksaray da babbar kasuwar Beyazit, kuma yakan cika maƙil. Haɗarin yana bakin ƙofa, wajen shiga da fita. Ɗaya zai tsaya cak a gabanka kamar ya rasa hanya, na baya su matso, na uku ya yi aikin, ya miƙa wa na huɗu. Idan ka ji matsi ya wuce yadda cunkoson yake, kada ka kalli wanda ya ture ka, ka dafa jakarka. In jirgin ya cika, bar shi ya wuce, wani na tafe cikin 'yan mintoci.

Tambaya: Iyayena biyu za su tafi umra, dukansu sun manyanta. Me zan saya musu? Daga wata baiwar Allah, Birni.

Amsa: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri, ya karɓi ibadarsu. Baba ki saya masa ɗamarar harami mai zik ta ciki, ki gwada ta a jikinsa tun a gida, don wadda ta yi sako-sako takan juya aljihun ya koma baya, inda ba ya gani. Ya ninka bakin zanen haramin ya rufe ta. Inna kuma ƙaramar jakar wuya ta yadi, wadda za ta kwanta a ƙirji ƙarƙashin riga da hijabi. Ki tabbata igiyar ba ta leƙowa ta ƙeya, domin ita ake yankewa a ja. Ki roƙe ta da girmamawa ta bar ƙulla kuɗi a haɓar zani. Ƙullin yana nuna kansa, kuma yankan reza ɗaya ya ishe shi.

Jirgin ƙasa na Haramaini, da ya fara aiki a 2018 tsakanin Makka, Jidda da Madina, kowa da kujerarsa, ba shi ne abin tsoro ba. Motocin da ke jigila daga masauki zuwa Harami ne ake turmutsutsu a ƙofarsu, musamman bayan an idar da salla. Su zauna su yi tasbihi na minti ashirin ko talatin har jama'a ta ragu. Tsarkin wurin yana sa tsofaffi su saki jiki, suna ganin ba wanda zai yi sata a nan, alhali akwai masu zuwa don wannan kawai. Su fita da riyal kaɗan da katin masauki, sauran su bari a ɗaki a kulle.

Tambaya: Na samu gurbin karatu a Faransa. An ce in sayi walat mai hana a kwashe kuɗin kati ta iska. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Sabon Gari.

Amsa: Ƙane, ka riƙe kuɗinka. Sai na'ura ta matso kati da 'yan santimita kafin ta karanta shi, kuma ba ta nan aka fi cutar mutane ba. Katin kansa ake ɗaukewa, a je a yi ta sayayya da shi ba tare da lambar sirri ba, tunda a Faransa ana biyan har yuro 50 da taɓawa kawai, wato sama da jika 32 na sefa. Ka nemi lambar da ake kira a rufe kati, ka rubuta ta a takarda, ba a waya kaɗai ba.

Abin da ya cancanci kuɗinka igiyar salula ce mai ƙarfi, wadda ake maƙalawa a jikin rigar wayar a rataya. Daga filin jirgin Sharl da Gol, jirgin ƙasa na RER B za ka shiga zuwa cikin Paris, kana gajiye, da akwatuna biyu, idonka a kan taswira. Haka ake gane sabon zuwa. Masu fizge suna jiran ƙarar rufe ƙofa, su warce wayar su yi tsalle waje, jirgi ya tashi da kai. Kada ka zauna ko ka tsaya dab da ƙofa da waya a hannu. Ka shige tsakiya, akwati tsakanin ƙafafu. Idan wani ya ce an zubo maka wani abu a riga, ko yara suka kewaye ka da takarda wai ka sa hannu, ka yi gaba abinka.

Tun kana gida ka danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15 za ta fito, ka rubuta. Ka kunna tsarin neman waya da goge ta daga nesa, ka sa wa layin lambar sirri. Ka yi kwafin fasfo da biza guda biyu, ɗaya a akwati, ɗaya wurin 'yan uwa a Zinder. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, kada ka bi ɓarawo, kayan sun riga sun bar hannunsa kuma ba shi kaɗai ba ne. Ka fara rufe kati da layi, sannan ka je komisariya a ba ka takardar shaidar sata. Da ita ofishin jakadancin Nijar zai duba batun takardar tafiya. Lambar 'yan sanda a can 17 ce, 112 kuma tana aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai.

Tambaya: Ina zuwa Kano sari a Kantin Kwari. Sau biyu ana yi mini sane a cikin a daidaita sahu bayan na yi canji. Daga wata 'yar kasuwa, Garin Malam.

Amsa: Hajiya, sau biyu bayan canji ba dace ba ne, daga wurin canjin ake biyo ki. Takardar naira mafi girma 1000 ce, don haka sefa kaɗan ke zama ɗauri mai kumbura jaka. Ki ƙirga a cikin shagon mai canji, ki adana a nan, ko ki sa ya tura wa mai kayan kai tsaye in kun saba. Da kin fito Wapa, wurin 'yan canji, kada ki shiga keken da ya tsaya miki da mutum biyu a ciki. Ki ɗauki shata, ke kaɗai ko da abokiyar tafiya, ki ajiye jakar a cinya ƙarƙashin hijabi, nesa da gefen titi, kuɗin keken kuma ki riƙe shi a hannu tun kafin ki hau.