Shin Sojojin Waje Za Su Iya Murƙushe Tawaye Su Kafa Dimokuraɗiyya?

Tambaya: Malam, duk lokacin da aka kai mummunan hari sai ka ji ana cewa a kira Amurka ko Faransa ko Rasha su zo su gama da 'yan ta'adda, wasu kuma suna cewa zuwansu ne ma ke ƙara dagula al'amura. Shin da gaske sojojin ƙasashen waje za su iya kawo ƙarshen tawaye, har su kafa dimokuraɗiyya mai ɗorewa?

Amsa: Ɗan'uwa, tambayar taka ta haɗa ayyuka uku da mutane suke ɗauka abu guda ne: ƙwato garuruwa daga hannun 'yan tawaye, hana tawayen sake tsirowa, da kafa mulkin da jama'a suka yarda da shi. Sojojin waje sun ƙware a na farko, suna iya taimakawa a na biyu idan sun tarar da gwamnatin kirki a ƙasa, amma na ukun ya fi ƙarfinsu, ko da jiragensu sun kai nawa.

Mali ce ta fi nuna wannan a fili. A shekarar 2012 'yan tawayen Azbinawa na MNLA da ƙungiyoyi masu iƙirarin jihadi irin su Ansar Dine suka kama Kidal da Gao da Timbuktu, yayin da sojojin ƙasar suka kifar da gwamnatin Amadou Toumani Toure a Bamako. Da mayaƙan suka kama garin Konna a watan Janairun 2013, sai Faransa ta shigo da farmakin da ta kira Serval, kuma cikin makonni uku ta kore su daga manyan biranen arewa. A ranar 2 ga Fabrairu Shugaba Francois Hollande ya shiga Timbuktu, jama'a suka fito da kaɗe-kaɗe da raye-raye a garin da aka shafe watanni an haramta kiɗa. Farin cikin nan na gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. A watan Agusta aka kammala zaɓe, Ibrahim Boubacar Keita ya ci, duniya ta ce an ceto Mali.

Sai dai mayaƙan ba su ƙare ba, watsewa suka yi cikin duwatsu da ƙauyuka. Faransa ta faɗaɗa aikin zuwa rundunar Barkhane a 2014, wadda ta kai soja fiye da 5,000, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta girke dakarun MINUSMA sama da 10,000. An kashe manyan kwamandoji, ciki har da Abdelmalek Droukdel a 2020. Duk da haka rikicin ya gangaro daga arewa zuwa yankin Mopti a tsakiyar ƙasar, ya tsallaka Burkina Faso, ya shiga Tillaberi a Jamhuriyar Nijar.

A nan ya kamata mai neman fahimta ya tsaya ya duba da kyau. Amadou Koufa, wanda ya jagoranci mayaƙan jihadi na Macina a tsakiyar Mali, ya tara mabiya ne da wa'azi cikin Fulatanci a kan abubuwan da suke ci wa makiyayi tuwo a ƙwarya: jami'in gandun daji da ke cin sa tara saboda ya sare reshe ya ba dabbobi, masu iko da filayen kiwo da ke tsawwala kuɗin shiga, da alƙalin da ke jan shari'ar gona shekara da shekaru yana karɓa daga ɓangarori biyu. Mayaƙan sukan zo a kan babura, su zauna a gindin bishiya, su yanke hukunci a wuni ɗaya ba tare da sisi ba. Hukuncinsu na zalunci ne, sun kashe dagatai da limaman da suka ƙi bin su, sun rufe makarantu masu yawa. Amma jirgin da ke shawagi a sama ba ya raba gardama tsakanin manomi da makiyayi, kuma sojan da ya zo daga Faransa ba shi da ikon cire alƙali mai cin hanci. Da gwamnati ta bar tsaron ƙauyuka a hannun 'yan sa-kai na ƙabilu, sai aka wayi gari a watan Maris na 2019 an kashe Fulani kusan 160 a Ogossagou, lamarin da ya tura ƙarin matasa daji. Kuskuren baƙin ma yana da nasa tasirin: a Janairun 2021 jirgin Faransa ya jefa bam a ƙauyen Bounti, binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce fararen hula 19 ne suka mutu a taron biki, ko da yake Faransa ta musanta.

Akwai kuma wata illa da ba a cika magana a kanta ba. Gwamnatin da ta san baƙi ba za su bari fadarta ta faɗi ba, ba ta jin matsin gyara halinta. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ta Aljeriya a 2015, aka yi ta jan ƙafa wajen aiwatar da ita, kuɗin sayen kayan soja kuma ya zama abin wawura. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. A watan Agustan 2020 sojoji suka kifar da Keita bayan makonni ana zanga-zanga, Kanar Assimi Goita ya sake juyin mulki a 2021, Faransa ta kwashe sojojinta a 2022, MINUSMA ta bi baya a ƙarshen 2023. Sauya baƙo bai sauya lissafi ba: bayan zuwan mayaƙan Wagner na Rasha, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce an kashe aƙalla mutum 500 a garin Moura a Maris na 2022, kuma a 2025 gwamnatin soja ta rushe jam'iyyun siyasa gaba ɗaya.

Labarin Afghanistan bai bambanta ba, girmansa ne ya fi. Amurka ta kori Taliban daga Kabul cikin makonni a 2001, sojojinta suka kai kusan 100,000 a 2011, ta kashe sama da dala biliyan 80 wajen gina rundunonin tsaron ƙasar, waɗanda rajistarsu ke cike da sunayen sojojin bogi da kwamandoji ke cinye albashinsu. An yi zaɓuka, amma maguɗi ya zubar da darajarsu. A ranar 15 ga Agustan 2021 Taliban ta koma Kabul, Shugaba Ashraf Ghani ya gudu.

Ba adalci ba ne a ce bai taɓa yin amfani ba. A Saliyo, dakarun ECOMOG, wato rundunar ƙungiyar ECOWAS, ƙarƙashin jagorancin Najeriya sun mayar da zaɓaɓɓen shugaba Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a 1998, sojojin Birtaniya suka shigo a watan Mayun 2000, dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya suka kai kusan 17,500, aka ayyana ƙarshen yaƙi a Janairun 2002, kuma tun daga nan mulki ya sauya hannu ta akwatin zaɓe a 2007 da 2018. Dalilin nasarar a bayyane yake. 'Yan tawayen RUF da ke guntule wa mutane hannu ba su da farin jini ko a ƙauyukansu, ƙarfinsu ya dogara ne da lu'ulu'u da goyon bayan Charles Taylor, shugaban Laberiya na lokacin, kuma an matsa wa dukkan biyun. Akwai gwamnatin da jama'a suka zaɓa da kansu, akwai kuma shirin karɓar makamai da ya shafi mayaƙa fiye da 70,000. A Gambiya ma a 2017, dakarun ECOWAS ba su ƙirƙiro dimokuraɗiyya ba, sun tilasta wa Yahya Jammeh ne ya mutunta ƙuri'ar da 'yan ƙasar suka riga suka kaɗa wa Adama Barrow. Masu kafa hujja da Jamus da Japan bayan 1945 kuwa suna mantawa cewa ƙasashen biyu suna da ma'aikatu masu aiki, da jama'a masu ilimi, da tarihin majalisun dokoki tun kafin yaƙin, kuma miƙa wuya suka yi, babu mai tawaye a daji.

Saboda haka ra'ayina shi ne, kafin a yi na'am da zuwan kowane baƙo a tambaya: wa zai riƙe garin bayan an ƙwato shi, da wane alƙali, da wane ɗan sanda, da wane albashi? Mun ga muhimmancin wannan a gida. A farkon 2015 sojojin Chadi sun taimaka wajen korar Boko Haram daga Gamboru da Dikwa, suka haɗu da na Nijar suka ƙwato Damasak. Taimako ne da ya ceci rayuka, amma inda aka yi jinkirin kai jami'an tsaro da ma'aikatan gwamnati su zauna dindindin, mayaƙan sun sake zagayowa, kuma har yau dubban mutanen arewacin Borno ba su koma gonakinsu ba.