Karen da aka yanke wa ƙafa ya ƙi barci da dare

Ɗan'uwa, sannu da jinya. Ka ce kwana biyar ke nan da yanke wa karenka ƙafar gaba, da rana yana kwance abinsa, amma da dare ya raba sai ya tashi yana kai-komo, yana haki, yana kuka. Kana tambaya ko zafi ne, ko kuwa aikin ne ya ɓaci. Na kwana a kan tabarma kusa da kare saboda irin wannan, don haka ga abin da na gani.

Nawa Dogo sunansa, na gadi ne. Mota ta taka shi a ƙofar gida, ƙashin ya dagargaje yadda ba ya ɗoruwa, aka cire ƙafar tun daga kafaɗa. Kwana biyun farko har mamaki ya ba ni, ya ci tuwonsa, ya ɗingisa ya je ya sha ruwa. Ashe alluran asibiti ne ba su gama sakinsa ba. A dare na uku ne ido ya raina fata.

Abin da ya fitar da mu ba komai ba ne illa tsohon littafin rubutun yarana. Likitan dabbobi ya ce in riƙa rubuta lokacin da na ba da magani da lokacin da kukan ya fara. Dare biyu kacal muka gane bakin zaren. Ina ba shi gabapentin, maganin zogin jijiya, ƙarfe 7 na safe da 6 na yamma, kukan kuma yana tashi wajen 2 na dare, wato awa 8 cif. Maganin ba ya daɗewa a jikin kare, shi ya sa likitoci da dama suke rubuta shi sau uku a rana. Likitanmu ya mayar mana da shi bayan asuba, da azahar, da ƙarfe 10 na dare. Kada dai ka sauya da kanka, ka kai wa likitanku rubutun shi ya yanke. In an zo dainawa ma, a hankali ake janye shi.

Kukan kuma ba iri ɗaya ba ne, ka kasa kunne. Akwai nishi da juye-juyen wanda ya rasa yadda zai kwanta. Wannan ciwon nama ne, kuma ba wurin ɗinkin kaɗai ba. Kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, yanzu ƙafa ɗaya ce ke ɗauke da kayan biyu, ga wuya da baya suna koyon sabuwar tafiya. Duk zirga-zirgar da ya yi da rana, da dare yake biyan bashinta. Nan ne aikin maganin kumburi irin su meloxicam ko carprofen, tare da taƙaita masa yawo: ya fita bawali da igiya, ya dawo.

Sai kuma wanda ya fi tayar min da hankali. Yana cikin barci sai ya ƙwalla ihu kamar an taka shi, ya waiga yana neman ƙafar da babu ita, bayan ɗan lokaci kaɗan ya koma ya kwanta kamar ba shi ba. Jijiyoyin da aka datse ne suke ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙo, irin yadda mutumin da aka yanke wa hannu kan ce yatsunsa na yi masa zogi. Maganin kumburi ba ya yi wa wannan abin kirki, shi ya sa ake haɗawa da gabapentin.

Wani lokacin ma maganin ne da kansa ke rikita shi, musamman tramadol da danginsa. Ka zauna kusa da shi, ka kira sunansa, ka shafa kansa. Mai jin zafi yakan ɗan lafa, ya dube ka, in ka kai hannu kusa da dungun ya ɗaure jiki. Wanda magani ya bugar kuwa kuka yake ta yi ido a buɗe kamar bai san ka ba. Ƙara wa irin wannan magani ƙara masa wahala ne.

Don Allah kada tausayi ya kai ka kyamis cikin dare. Ibuprofen da diclofenac da muke sha suna huda wa kare ciki, suna lalata masa ƙoda. Panadol ma sai da awon likita. Wani maƙwabcina ya matsa min in ba Dogo na ciwon bayansa, da kyakkyawar niyya kuwa, na ce masa na gode.

Wurin kwana: katifa a ƙasa, a lungu, kada a bar shi kan siminti mai sanyi. In gidanka tayil ne, shimfiɗa darduma, santsi sau ɗaya ya isa ya lalata muku dare uku. In zai tashi, ka zura tawul ƙarƙashin cikinsa ka tallafe shi. Ka fitar da shi bawali daf da barci, don wani kai-komon matsuwa ce kawai. Abin wuyan nan na roba mai kama da mazurari yana ba su haushi, amma kada ka cire, in ya lashe ɗinkin ya farke an koma baya. Ka tsare wurin daga ƙudaje, kar su saka masa tsutsa.

Ɗan ruwan da kan taru a ƙarƙashin ɗinki, mai taushi ba zafi, yawanci jiki ne ke shanye shi. Amma in ka ga mugunya ko wari, ko ɗinki ya buɗe, ko amai, ko baƙin kashi, ko dasashinsa ya yi fari, ko ya ƙi ci gaba ɗaya, kada ka jira ranar da aka ce ku koma.

Mu an cire zare a rana ta 14, kuma kusan daga nan barci ya dawo. Ihun nan na farat ɗaya ya ci gaba jefi-jefi har cikin mako na shida, sannan ya ɓace. Daren yau ka ajiye biro da takarda kusa da kai, ka rubuta ƙarfe nawa ya fara.